Ragar Uwani

Shekara goma sha ɗaya ina gadin lambun nan na Shika,
ni da tocila da sandar gora,
ban taɓa ɗaga kai na tambayi mangwaro
su wane ne baƙinsa na dare ba.
Jemage dai jemage ne:
ɓarawon gwaiba, mai kwana kai ƙasa,
tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne,
ɓeraye sun ce ba su san shi ba.

Sai ga Uwani daga Samaru bayan la'asar,
da raga siririya kamar saƙar gizo,
da safar hannu ta fata, da littafi duk laka.
Ta ce, Baba Tanimu, riƙe mini wuta.

Kafin isha mun kama biyar.
Ɗaya mai fuskar kwikwiyo, ido dara-dara.
Ɗaya hancinsa kamar ganyen da aka murɗe.
Ɗaya kunnuwa sun kusa fin gangar jiki.
Na huɗu bai kai babban yatsana ba,
amma ya buɗe baki yana zagina da yarensu.
Na biyar ya yaga raga, ya yi gaba abinsa.
Na ce, ashe ba gida ɗaya ba ne.
Ta ce, gida ɗaya ne, Baba,
rabon gadon ne ya daɗe.

Ta ɗebi jini ɗigo guda a 'yar kwalba.
Wai akwai agogo a ciki, marar ƙara:
rubutu ne da uwa ke kwafa wa ɗanta,
jefi-jefi alƙalami ya zame.
In ka ƙirga zamewar nan
ka san lokacin da 'yan'uwa suka raba tukunya.

Na ce, to yaushe?
Ta ce, shekara miliyan hamsin da ɗoriya,
sa'ad da duniya ta yi zazzaɓi,
kurmi ya hau har inda ƙanƙara ke mulki yau,
ƙwari suka cika dare, babu mai ci.
Zuriyar wani ɗan mitsitsi mai bin reshe
ta yi ta miƙa yatsu, fata na bin tsakani,
jika bayan jika, har iska ta yarda ta ɗauke su.
Daga nan kowa ya kama sana'a.
Wani ya yi wa duhu ihu, ya tsaya jin amsa.
Wani ya bi ƙanshin ɓaure ya manta hanyar gida.
Can daga baya wani ya zura harshe a furen rimi.

Na ce, kin gani da idonki?
Ta yi dariya har tocilar goshinta ta karkace.
Ƙashinsu tsinken tsintsiya ne, ƙasa ba ta riƙe amana.
Jini ya faɗi nasa, dutse ya faɗi nasa,
mu muna tsakani kamar dillalai.
Malamaina kan yi musu a kan miliyan goma
yadda kuke yi a kan mudun masara.

Ta auna fiffike, ta rubuta, ta buɗe tafi.
Ɗan ƙaramin ya ɗan jima bai yarda ba.

Da ta tafi na zauna a kan buhun taki.
Ganuwar birni da nake gani tsohuwa
ashe jiya aka kwaɓa ƙasarta.
Na tuna Ɗan'asabe ƙanena a Kwarbai,
damina tara ba mu gaisa ba
a kan taku huɗu na bakin gona.
Ko a jininmu alƙalamin ya fara zamewa?

Wajen asuba suka dawo, tuli guda,
suka sauka a kan mangwaron gabas.
Igiyar gwangwanaye na hannuna.
Ban ja ba.
Da safe mai lambu ya ƙirga ɓawo a ƙasa,
ya dube ni. Na ce barci ne ya sace ni.